Jirgin da Ya Sauka a Gonar Surukina

A zamanin Turawa, bayan an gama babban yaƙinsu, akwai wani fili da suka sa aka share a bayan Birnin Gwari, don in jirgin sama ya sami matsala tsakanin Ikko da Kano ya sami wurin sauka. Mijina lebura ne a wurin. Aikinsa yankan ciyawa da korar shanu, sai kuma abu guda da ya sha gaya mini har na gaji da ji: in aka bugo waya cewa jirgi na tafe, zai tara ɗanyen ganye ya cinna wuta a bakin filin. Hayaƙin nan ke nuna wa matuƙi wurin sauka da inda iska ta dosa. Shekara da shekaru yana tara ganye, ko jirgi ɗaya bai sauka ba. Nakan tsokane shi in ce gadin ƙadangaru aka ɗauke shi.

Muna zaune ne a gidan iyayensa, a wani ƙauye ta wajen Kakangi. Ina da ɗa guda, ɗan fari, bai daɗe da yaye ba. Sunan surukina aka sa masa, kunyar ta zame mini biyu. Ba na kama sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban mutane, ko kallonsa sai a sace. Kakarsa ke goyonsa, ita ke ba shi abinci. In ya faɗi yana kuka sai in kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Haka na tarar ana yi, har yabona ake yi da iyawa.

Ran da abin ya faru bazara ce, kowa na ƙona sharar gona. Gonar surukina doguwa ce, shimfiɗaɗɗiya, a bakin daji. Na kai musu fura da hantsi, yaron kuma ya biyo kakarsa.

Mun saba jin jirgi can sama, ba mai ɗaga kai. Wannan kuwa ƙararsa daban ce, yana yi yana sarƙewa kamar tsoho mai tari. Ya fito ta kan itatuwa, ƙasa-ƙasa, har ina ganin tagogi a jikinsa. Ya wuce, ya kewayo. Ƙwaryar fura ta suɓuce mini.

Surukina mutum ne da ya ga shekarun da fara ta cinye gonaki, ya kuma san hayaƙi ne maganin abin da ya zo daga sama. Ya daka wa samari tsawa: "Ku ƙaro ganye! Ku turnuƙe shi da hayaƙi, zai gudu!" Suka yi ta saran ɗanyen reshe suna jibgawa a wuta. Mata suka kama kaɗa ƙore da ihu. Hayaƙi ya miƙe fari tas, ya fi na kowace gona.

Ni kaɗai a wurin na san abin da hayaƙin nan ke faɗa wa jirgi. Amma tun da aka kawo ni gidan, maganata da surukina ba ta wuce gaisuwa a durƙushe ba. Na raɓi surukata na ce, "Inna, kiransa muke yi. Ki ce wa Baba a kashe wutar." Salati take yi ido a sama, ba ta ma san da ni ba.

Sai jirgin ya juyo, ya miƙe saitin gonar, ya sauko da ƙafafunsa. Kowa ya watse cikin daji. Inna ta zaci yaron na hannun ƙanwar mijina, ita kuma ta zaci yana wurin Inna. Na waiga, sai ga shi tsakiyar gona, tsugune, yana tonon toka da kara.

Na kwarma ihu na kira sunansa, a gaban surukina, a gaban kowa. Na sake kira har maƙogwarona ya yi zafi. Bai juyo ba. Ba ƙarar jirgi ta hana shi ji ba, don na ga ya ɗaga kai yana neman kakarsa. Muryata ce bai san ana kiransa da ita ba.

Ban san yadda na isa wurinsa ba. Na dai tuna zafin toka a tafin ƙafata, na tuna na kife a kansa, inuwa ta rufe mu, iska mai zafi ta fizge mini ɗankwali. Ƙasa ta girgiza. Jirgin ya dira gabanmu kaɗan, ya yi ta jan ciki yana tada ƙura har ƙafarsa ta nutse a fadama. Yaron sai ƙoƙarin ƙwacewa yake yi, yana kiran Inna.

Ba wanda ya mutu. Fasinjoji suka fito ɗaya bayan ɗaya. Da la'asar mijina ya iso a keke tare da tafinta, a bakinsu muka ji yadda aka yi. Injin jirgin ne ya lalace. Ma'aikacin da ke magana da matuƙa ta rediyo, daga wani ɗaki can nesa, ya ce masa ya sauka inda ya ga hayaƙi. Matuƙi ya ce ya gani. Wancan ya ce to nan ne. Cikinsu ba wanda ya tambaya ko wane hayaƙi ne, a watan da duk ƙasar ke ƙona gona. Mijina kuwa yana can yana fifita 'yar wutarsa.

Na yi kwanaki ina jiran a yi mini gorin rashin kunya. Ba wanda ya yi. Wata safiya na durƙusa gaida surukina, ya daɗe bai sallame ni ba, sannan ya ce, "'Yar nan, ki riƙa yi wa yaron nan magana."

Sunan dai ban sake kama shi ba har yau da ɗan nawa ya yi furfura. Amma tun daga ranar, kullum sai na nemi dalilin ƙwala masa "Kai!" daga nesa, ko ba ni da aiken da zan yi masa, don kawai in ga ya juyo.