Mai Niƙan Bakin Tejo

Belmiro bai taɓa cin abinci a kan lokaci ba, kuma ba laifin matarsa Herminia ba ne. Gidan niƙan da ya gada a garin Seixal, kusa da inda kogin Tejo ke shiga teku, da ruwan teku yake aiki. In teku ta cika, ruwa ya tura ƙofa ya shiga tafkin da ke bayan gidan niƙan. In ta janye, sai Belmiro ya ɗaga ƙofar ƙasa, ruwa ya fito da gudu ya juya farfelar katako, dutse ya kama niƙa. Ita kuwa teku kullum sai ta sauya lokaci. Haka ya rayu, barci gutsi-gutsi, miyar kabeji kullum a huce. Ranar auren 'yarsu ma da gari a gira ya shiga coci, ana shirin fitowa.

"Kai dai da a kaguwa aka haife ka, da kowa ya huta," in ji Herminia.

Da injinan lantarki suka zo, masu kawo alkama suka ɗauke ƙafa. Wasu baƙi sun taɓa zuwa suka yi aune-aune, wai za a samar da wuta daga tafkin, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Duk da haka bai daina ɗaga ƙofa ba, ko babu ƙwaya ɗaya a kan dutse. Gudun ruwan nan ne ke kwashe laka, in aka bar shi tafkin ya cushe, gidan ya mutu. Ya gaji, wallahi ya gaji, gwiwoyinsa har ƙara suke, amma babu mai karɓarsa.

Sai ciwo ya kwantar da Herminia a asibitin Almada, damina guda. Ya zauna a kujerar gefenta. Ba ya ganin teku daga nan, amma in ta fara janyewa jikinsa na faɗa masa, ya kama gyara zama.

"Tsoho, tashi ka tafi, ruwanka na kira," ta ce.

"Ya yi ta kira."

"Oho, sai yanzu da haƙorana suka zube ka ga dama? Laka fa za ta cinye maka wuri."

"Ta cinye. Sha miyarki tun da zafinta."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Bai tafi ba, ko sau ɗaya.

Bayan an binne ta ya koma gidan niƙa. Tafkin ya zama fili, ciyawa ta fito, tsuntsaye na yawo a kai abinsu. Ya jira janyewar ruwa ya ɗaga ƙofa da duk ƙarfin da ya rage masa. Ɗan ruwa ya tsiyayo, ko motsi farfela ba ta yi ba.

Ya saki ƙofar ya koma gida. Rana na tsaka, daidai lokacin da mutane ke cin abinci, ya zauna a tebur. Bai makara ba yau, sai dai babu wadda za ta gani.