Fulawar Da Danladi Ya Hana Ruwa

Shekara ashirin ke nan da rasuwar mijina Danladi, amma har gobe in na rufe ido, ranar da na fara ganinsa nake gani. Ina tallan lemo a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, a shekarar da naira ta maye gurbin fam, sai jirgin Fatakwal ya tsaya. Wani saurayi mai zuba gawayi a inji ya sauko, baƙi ƙirin da toka, riƙe da gwangwani mai ɗan reshe da jan fure. A ƙananan littattafan soyayya da nake saye a kasuwa, masoyi da farar mota yake zuwa. Nawa da gwangwani ya zo.

Fulawar takarda muke ce mata. Tana hawan bango, tana da ƙaya, furanninta sirara kamar takarda.

Da Danladi ya nemi aurena, Baba ya yi dariya. Manomin citta ne, bai yarda da mutumin da ba shi da gona ba. Ya ce, "Ɗan reluwe ba shi da saiwa. Dasa sandan naka a bakin dangata. In ya yi fure kafin Kirsimeti, turo manyanka. In bai yi ba, Saraya ta fi ƙarfinka."

Danladi ya dasa ta da farkon damina, inda rana ke dukanta yini guda, a tudun da ruwa ba ya kwanciya. Ya ɗaure rassan da igiyar rama, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da ruwan sama ya ɗauke, ya gargaɗe ni kada in ba ta ko ɗigo, wai sai ta ji ƙishirwa take fure. Na kiyaye. Amma ganye sai ƙara yabanya yake, fure babu. Matan zumuntar cocinmu har sun fara koyon waƙoƙin Kirsimeti, ni kuwa ina ramewa.

Wata safiya jirginsa ya iso da wuri, ya biyo ta gidanmu. Sai ga Baba a tsugune gindin fulawar, da tulu da kwandon kashin awaki.

"Baba, ashe ku ne?"

"Ni me? Ka bar shuka tana kuka a ƙofar manomi, mutane su zage ni?"

"Baba, wannan in ta ƙoshi, mantawa take da fure."

"Kai, ɗan gawayi! Ni za ka koya ma noma?"

Hali zanen dutse. Baba ba mugunta ya yi ba, hannunsa ne ba ya iya wuce shuka mai ƙishi. Ya yi ta mita, amma ya ajiye tulun. Ganye ya ɗan zube. Saura kaɗan Kirsimeti, danga ta kama da ja kamar an cinna mata wuta.

Nakan tambayi kaina abin da Danladi zai ce da yau. Tashar ta yi tsit, ciyawa ta cinye layin dogo, amare kuma furen roba suke riƙewa. Na tabbata ba zai yi baƙin ciki ba. Zai zaga unguwa ne kawai yana ƙirga dangogin da suka ɗauki reshe daga tamu, har Zangon Kataf da Gwantu inda 'ya'yanmu mata suka yi aure. Mutumin da aka ce ba shi da saiwa ke nan.

Baba kuwa ya rayu shekaru bayan surukinsa, har idonsa ya dushe. Ya sa aka mayar da kujerarsa ƙarƙashin fulawar, sanda a cinyarsa. Duk jikan da ya doso wurin da ruwa a lokacin rani, da ya ji motsin bokiti sai ya ɗaga sandan.

"Koma da shi! Danladi ya hana."