Dung Mai Lambun Bakin Ramin Kuza

Shekara tara ke nan da rasuwar abokina Dung, amma har yau in na ji warin maganin feshi sai gabana ya faɗi.

Ni ɗan unguwar Ali Kazaure ne, sana'ata sarin kayan gwari. Shi kuma a Anguwan Rukuba yake zaune, lambunsa na bayan gari, a bakin wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika. Tumatir da kabeji ne suka haɗa mu, har ta kai matarsa Ladi ta san yadda nake son shayina.

Dung da hannunsa yake dama magani a bokiti. Ya goya famfon feshi, ruwan na zuba a bayansa, ba takalmi, ba abin rufe hanci. In kan famfon ya toshe, sai ya sa baki ya hura. Da ya gama ya sha manja cokali guda, wai yana wanke ciki. Na taɓa yi masa magana, ya yi dariya ya ce, "Alhaji, tsutsa ne yake kashewa. Ni na yi kama da tsutsa?"

Ciwon kai ya fara, sai rawar hannu, sai tari da ba ya jin magani. Wani rani ya faɗi tsakanin kunyoyi, miyau na zuba daga bakinsa. A asibiti likita ya tambayi Ladi sana'ar mijinta. Da ta faɗa, sai likitan ya sunkuyar da kai. Dung bai ƙara komawa lambu ba. Ranar jana'izarsa mu 'yan kasuwa muka jeru a ƙofar coci da hulunanmu, ba wanda ya tambaye mu me ya kawo mu.

Yanzu shagunan magani sun ƙaru, kwalabe kala-kala, rubutun jikinsu ƙanana, cikin harshen da manomi ba ya karantawa. Nakan wuce Tina Junction in ga matasa sun nufi gona da famfo a bayan babur, da silifas. Da Dung ya gan su, me zai ce? Ina jin ba dariya zai yi ba.

Ladi ce ke riƙe da lambun yanzu. Ba ta ɗaukar mai feshi sai ya sa safar hannu da takunkumi, ko da zai yi fushi ya tafi.

Abin da ya fi zama a raina dabam ne. Dung bai taɓa sayar mini da tumatirin da aka fesa wa magani kwanan nan ba. Ko farashi ya tashi, ko mota na jira, sai ya tare gabana ya ce, "Bari ya huce tukuna, yaran mutane ne za su ci." Ya san abin da ke cikin kwalbar sarai. 'Ya'yanmu ya tuna, ya manta da uban nasa 'ya'yan.