Awarwaron da Ya Yi Kore

Da mahaifiyata ta rasu, awarwaron zinari ɗaya ta bar mini. Gwaggo, yayar babana da ta riƙe ni, ita ta ajiye shi duk shekarun da nake makarantar kwana. Ranar da aka kai ni ɗakina a Fagge ta zura mini shi da hannunta tana kuka.

Damina na sauka, wuyan hannuna ya yi kore. Na wanke, ya dawo. Da Gwaggo ta zo ganin ɗaki na nuna mata.

"Jininki ne, 'yar nan," in ji ta. "Akwai jinin da ba ya shiri da zinari, sai ya mai da shi jan ƙarfe. Wallahi awarwaron na uwarki ne."

Na so in yarda, Allah ya sani. Amma na zauna a aji malama ta zana mana ƙwayar zarra a allo, ta ce kowane sinadari ana gane shi da yawan furoton da ke cibiyar ƙwayarsa. Na zinari saba'in da tara, na jan ƙarfe ashirin da tara. Ki narka shi, ki daka shi, ki binne shi, wannan adadin ba ya motsi, kuma shi ne zinarin. Har na ce a raina, tsarki ya tabbata ga wanda ya ƙidaya komai. To, wutar maƙera ta kasa, sai gumina?

Duk da haka na nemi a ƙaryata ni. Wata Inyamura mai kawo mana manja daga Sabon Gari, mijinta maƙerin zinari ne. Na ba ta ta kai masa. Ta dawo tana kauce wa idona.

"Amariya, wannan ba solai ba, ba zinari zalla ba. Ruwan zinari kawai aka safa masa. Sabon aiki ne ma."

Sabon aiki. Wato an kai na gasken an ce a ƙera irinsa, har da 'yar lanƙwasar da ke bakinsa. Wanda ya yi haka ya san zan duba.

Ban tambayi Gwaggo inda na gasken ya tafi ba. Da ta ce wata larura ce ta ci shi, da na yafe kafin ta rufe baki. Rantsuwar ce na kasa yafewa. Na ci gaba da aika mata tuwon Juma'a har ta koma ga Allah, ina kuma yi mata addu'a. Amma tun tana raye, da zan haifi ɗan fari, ta aiko in zo wankan jego wurinta, na ce a gaya mata zan yi a ɗakina.