Takaba da Jajayen Kifaye

Maigidana direban kamyo ne, babbar motar ɗaukar kaya, ya yi shekaru yana hanyar Kwatano. Wani direban in ya dawo daga tafiya atamfa yake kawo wa matarsa, ko turare. Nawa kuwa kifaye ya kawo mini cikin bido, wato jarkar ruwa, ƴan mitsi-mitsi, jajaye kamar an tsoma su cikin manja. Ya sa aka haɗa masa akwatin gilashi, ya girke shi kusa da taga a falon gidan hayarmu na unguwar Boukoki a Yamai, ya sa masa ɗan injin da ke hura iska cikin ruwa. Na yi mita har na gaji. Na ce ina amfanin kifin da ko miya ba zai shiga ba, shi kuwa sai dariya. Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma tuntuni muka daina ɗaga zancen. In ya dawo daga hanya sai ya ja tabarma gaban gilashin, ni ina gefe ina tsinkar zogale, mu yi ta hira muna kallonsu. In ba ya nan ni ke ba su abinci, daga wani tsohon gwangwanin madara da yake juye shi ciki saboda murfinsa na kamawa. Ban taɓa tambayarsa inda yake sayowa ba.

Ciwon da ya ɗauke shi bai ja lokaci ba. Zazzaɓi ne, aka kai shi asibiti, aka dawo da shi a naɗe. Na shiga takaba, na tuɓe ɗan kunne, na bar kwalli da turare, na zauna cikin ɗaki. Ba a kai ga sadakar arba'in ba gwangwanin madaran nan ya ƙare ƙarƙaf.

Wan maigidan, Alhaji, ɗan kasuwa ne a Maourey, shi ke leƙo ni da cefane. Na durƙusa na gaishe shi, na ce abincin kifaye ya ƙare, ko zai bar ni in fita in nemo. Ya dube ni kamar wadda ta taɓu. Ya ce mai takaba ba ta fita sai da larura, ciwo ko makamancinsa, kuma bai taɓa jin malamin da ya sa kifin ado cikin larura ba. Gaskiyarsa ce, ban ja ba. Da ya sake zuwa sai ga shi da leda cike da abincin tarwaɗa, irin na masu kiwo a bakin kogi, ya dire ya ce kifi ai kifi ne.

To ashe kifi ba kifi ba ne. Ƙwayoyin manya-manya ne, sun fi ƙarfin bakinsu, ga maiƙo. Na daka su a turmi, abin ya ƙara lalacewa, ruwan ya yi fari-fari, falon ya ɗauki ƙarni. Kifayen suka fara koɗewa kamar zanen da ya sha wanki, jan ya koma ruwan ɗorawa, suka daina rububin zuwa in na matso. Wata safiya na tarar da ƙaramin cikinsu ya juya ciki sama. Na tsame shi da ludayi, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da gawa.

Alhaji ya zo ya same ni ido a kumbure. Da ya ji dalili sai ya yi tsaki a hankali, ya ce in yi haƙuri, abin da ya mutu a gidan nan ya fi kifi. Ya ce da ma in na fita takaba za a zubar da su ne, gilashin kuma a ba mai sayar da burodi ya riƙa jerawa ciki. Bai faɗa da mugunta ba, haka ya ga abin. Ni kuwa a nan zuciyata ta tsaya cak. Na ce a raina, in dai ina numfashi, ranar da zan fita takabar nan kifayen mutumin nan suna raye, kuma jajaye kamar yadda ya bar su.

Amma ƙafata a ɗaure take. Wadda ta zame mini ƙafa maƙwabciyata ce, ma'aikaciyar asibiti, Kirista, ƴar Dogon Dutsi. Madam nake ce mata, ita kuma ta ce mini Yaya. Mace ce mai saurin baki, amma ba ta da ƙyuya. Na faɗa mata damuwata, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ta ga masu takaba iri-iri, ba ta taɓa ganin mai kiwon kifi ba. Duk da haka washegari da ta taso daga aiki ta biya kasuwa, ta kawo mini wata ƙatuwar kwalba mai hoton kifi, cike da wani abu falle-falle kamar ɓawon albasa, ja da kore da rawaya, wai ta samu da araha.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ban zuba musu ba. Na ɗebi ruwa a kofin gilashi na barbaɗa kaɗan, muka zauna muna kallo. Kafin mu gama gaisawa ruwan ya rine ja kamar zoɓo. Na ce Madam, wannan rini ne, ruwa zai yi wa ado, kifin kuwa ko oho. Ta ce to ai da ma araha ba ta ado, ta ɗauki kwalbarta.

Ita ce ta yi ta cigiya a wurin aiki har aka kwatanta mata wani butik a Plateau, inda ake sayar da abincin karnuka da tsuntsaye ga masu aikin ofisoshin jakadanci. Mai butik ɗin ya cusa mata wani bokiti babba, ya ce sayen sari ya fi sauƙi. Ni ma da na gani sai da raina ya so, don mu mutanen da muka saba sayen buhun gero da kaka ne, in abu ya yi yawa hankalinmu ya kwanta. Ina buɗe murfin na ja da baya. Wari yake irin na ƙuli-ƙulin da ya kwana biyu, man cikinsa ya juya. Zafin Yamai ba ya barin abu mai mai ya daɗe, kuma bokitin nan ko shekara muka yi ba za mu cinye shi ba. Na ce ta mayar. Ta ce Yaya, kin fi surukar kowa wuyar sha'ani, amma ta mayar ɗin.

Zuwa na uku sai ta kira ni da bidiyo daga cikin butik ɗin. Ina zaune a tabarma da hijabi, tana ɗaga gwangwanaye ɗai-ɗai tana karanta mini bayansu kamar yadda take karanta kwalin magani, tana juya mini Faransancin da Hausa. Ita ta gane cewa abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa a ciki. Duk wanda ya fara da garin alkama na ce ta ajiye, ba fanke za mu soya ba. Wanda kwanan lalacewarsa ya matso ita da kanta ta ture. Mai butik ya gaji da mu, ina jin yana gunaguni da Zabarmanci, ko a jikina. Daga ƙarshe muka tsaya a kan wani ɗan ƙaramin gwangwani, ƙwayoyinsa kamar gero, an fara da kifi da jatan lande, sai wani koren tsiron ruwa da aka ce shi ke fito da launi. Ya fi duk sauran tsada, kuma ya fi su ƙanƙanta.

Na shinshina, ƙamshin busasshen kifi mai kyau. Na gwada a kofi, ruwa ya zauna garau, ƙwayoyin suka nutse a hankali ba su tarwatse ba. Sannan na ba su, ɗan abin da yatsu biyu za su tsinka, don na riga na ga yadda ragowa ke ɓata ruwa. Na riƙa rage ruwan ina ƙara na pampo da ya kwana a baho. Abin bai zo da sauri ba. Sai da na fara cewa ko na makara, sannan jan ya fara dawowa daga gindin wutsiya, ya bi baya, ya kai kai. Kafin watannina su cika, in rana ta faɗo ta tagar nan sai ka rantse garwashi ne ke yawo cikin ruwa.

Bayan na yi wankan fita takaba aka zauna rabon gado a falon. Tunda ba ɗa, kashi ɗaya cikin huɗu ne nawa, sauran na ƴan uwansa. Abin da maigidan ya bari ba yawa, kamyon ma na ubangidansa ne. Malamin da ya zo rabon ya zauna daidai gaban gilashin, ya kasa ɗauke ido, ya yi ta tasbihi, ya ce ya ga irinsu a gidan wani babban mutum, kuma ba ƙaramin kuɗi ake sayensu ba in sun girma sun yi ja haka. Na ga Alhaji ya gyara zama. Mutumin da ya ce a zubar, shi ne ya ce lalle a sa su cikin dukiya, zai ɗauka ya kai sabon falonsa. Wato da hannuna na yi musu daraja har aka ga abin ɗauka. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban ga laifin shari'a ba, na mutumin nan ne, gado ne.

Da aka daidaita kaya, malam ya ce rabona zai ɗauki ɗaya daga cikin kaya biyu, ko kwanjelatar da ke lungu, wato firjin daskarar da ƙanƙara, ko akwatin kifi. Kowa ya san amsar. Bazara ta kawo kai, kuma macen da mijinta ya mutu a Boukoki, in tana da kwanjelata, tana da sana'ar ƙanƙara da zoɓo, ba za ta roƙi kowa ba. Madam tana bayana, ta mintsine ni har sai da na ji zafi.

Na ce kifayen nake so.

Alhaji ya dube ni, wannan karon ba da tsaki ba, da tausayi, ya ce, "Baiwar Allah, ki yi tunani. Me za ki ci?"

Na ce, "Yaya, ni na iya fita in nemi abin da zan ci. Su ba su iya ba."