Akushin Yaya Haladu da Ya Ƙi Zama a Gida

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Haladu, manomin masara a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Doguwa. Har yau akwai masu cewa wahalar banza muka yi da shi a hanyar asibiti, tunda daga ƙarshe ya mutu. Saboda su na ɗauki alƙalami, kuma zan faɗi abin daki-daki yadda ya faru.

Da farko gyambo ne a gefen harshensa ya ƙi warkewa. A Kano aka ce ciwon daji ne. Aka yanke wani sashe na harshen, aka yi masa gashi da na'ura, sannan aka sallame mu da sharaɗi: ba goro, ba taba, ya riƙa motsa harshen yana koyon haɗiya, kuma duk ranar da aka sa masa ya koma a duba shi, ko yana jin garau. Ya dawo gida a rame, bakinsa a bushe, maganarsa ba ta fita sosai, ba abin da ke wuce maƙogwaronsa sai kunu.

A unguwarmu magidanta na yin ciyayya bayan magariba. Kowa ya fito da akushinsa, a zagaya ana ci. Akushin da ya koma gida ba a taɓa ba, abin kunya ne ga matar da ta tuƙa tuwon. Yaya ya fito da nasa kamar kullum, shi kuma ya zauna da ƙwaryar kununsa. Ba wanda ya sa hannu a akushinsa. Malam Iro, maƙwabcinmu, har ya ja tabarmarsa gefe, ya ce ciwon baki ba a wasa da shi. Haka akushin ya dinga komawa cike, matarsa Talatu tana karɓa tana share hawaye da gefen zane.

Dangi suka ba shi shawara ya zauna a ɗaki har Allah ya kawo sauƙi. Ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya umarci Talatu ta ƙara man shanu a miya, kuma kada akushi ya yi fashi ko sau ɗaya.

Ni nake goya shi a babur zuwa bakin titi mu hau motar Kano. Mutane na cewa, wanda ya warke me ya kai shi neman ciwo wurin likita? Shi dai bai taɓa saɓa ranar dubawa ba, ko da damina ta cinye hanya. A gabana ya tambayi likita ko ana ɗaukar cutar a kwano. Likita ya ce ba a ɗauka. Da muka dawo ya faɗa wa jama'a da guntun harshensa. Ba su gane ba, ya maimaita har suka gane. Duk da haka ba wanda ya matso.

Kullum da hantsi yana bayan rumbu yana koyon haɗiya: kunu mai kauri, sannan fate, sannan tuwo da aka dama a miyar kuka. Yana ƙwarewa, yana tari, yana sakewa. Sannu ba ta hana zuwa. Ranar da ya tabbata loma za ta wuce, bai fara da akushinsa ba. Ya wanke hannu, ya miƙa cikin na Malam Iro, ya yanko, ya haɗiye a gaban kowa.

"Iro, miyarku ba gishiri," in ji shi. "Ɗanɗana ta Talatu ka ji yadda ake yi."

Malam Iro ya dubi tuwonsa, ya dubi jama'a. Ko ya kwana da yunwa, ko ya ci inda Haladu ya ci.

"Kai da rabin harshe ne za ka koya mini gishiri?" ya ce. Ya ci nasa, sannan ya jawo na Talatu. A ranar akushin ya koma wayam.

Bayan wasu shekaru, a wajen irin wannan dubawar aka ga ƙullutu a wuyansa tun yana ƙarami. Aka sake magani, ya sake noma damina, ya aurar da ɗansa, kafin ajali ya zo. Da ya bi ta masu cewa ya warke, da bai ga wannan ba. Mutuwa dai ba wanda ya ce za a hana ta.

Da zai leƙo yau, ransa zai ɓaci da masu ɓoye gyambon baki suna shafa toka har sai abu ya gagara, da waɗanda aka sallama suka ɗauka an gama. Amma akwai abin da zai gani ya yi murmushi. Bara ɓarin jikin Malam Iro ya shanye, bakinsa ya karkace, yawu na zuba. 'Ya'yansa suka so su killace shi a ɗaki, magidantan unguwa suka ƙi. Kullum bayan magariba ana tallabo shi a zaunar a tsakiya, kuma daga akushinsa ake farawa. Allah ya jiƙan Yaya Haladu, ya sa ya huta.