Kibiyoyi a Jikin Takarda

Shekarar da Baba ya kora shanu Kurmi ya wuce lokacin dawowarsa, Inna ta ba da saƙon sabulu daga kantin wani mutumin Kudu a Dutsin-Ma. Aka kawo shi gidanmu na Kurfi naɗe cikin tsohuwar takarda. Tana warwarewa ta saki salati.

Hoton mutum ne ɗaure jikin itace, ba riga, kibiyoyi sun soke shi, idonsa na sama. Da siraran layuka baƙaƙe aka yi shi duka, a kumatu kuma layukan sun jeru kamar zanen da ke fuskar Baba. Sai da na girma na ji cewa waliyyin Kiristoci ne, an karce shi a farantin tagulla can Turai tun zamanin da, aka yi ta bugawa. Ranar nan kam ba mai wannan labari. Kakata, wadda ba ta ganin kafar allura amma tana hango maƙiyi tun daga garin Barkiya, ta duba sau ɗaya.

"Jifa ne," in ji ta. "Wani ya nufi ɗana."

Ba damar ƙonawa, kada mu ƙona Baba, yagawa ma haka. Kaka ta yanke a cire kibiyoyin, aka miƙo mini allura don idona ya fi nasu.

Na zauna bakin ƙofa ina kankare tawada. Kowace na gama, Inna ta shafa man kaɗanya a gurbin. Na cire ta cinya, na cire ta kafaɗa. Ta ƙarshe a ƙirji take. Mai ya riga ya jiƙa takardar, sai allura ta ɓula ta. Na ɗaga ta, ina hango tsakar gida ta ƙirjin mutumin.

Ba wadda ta yi mini faɗa, da ma sun yi. Na daina cin tuwo. Duk sallamar da aka yi a zaure, sai in ce masu kawo mugun labari ne.

Wata rana da hantsi Baba ya shigo, ya rame, ya yi baƙi. Ƙannena suka yi kan tsaraba. Ni kuwa na cusa hannu ta wuyan rigarsa ina laluben ƙirjinsa.

"Ke ɗiyar nan, mi kike biɗa?" ya ce, yana dariya.

Inna, wadda ba ta kallonsa a gaban mutane, tana tsaye da ƙwaryar ruwa, idonta na bin hannuna. Sai da na girgiza mata kai sannan ta durƙusa ta yi masa sannu da zuwa.